Maus mai garanti ba a buɗe shi

Wani yaro ya shigo shagona da maus a cikin baƙar leda, ya ajiye a kan teburi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kasa ɗago kai. Ɗan abokina ne, sahu ɗaya muke tsayawa da mahaifinsa a masallacin unguwa. Zanen katin biki da fosta da kalanda yake yi a kwamfuta, da shi yake rufa wa kansa asiri, har ya taimaka wa ƙannensa. A wurina ya sayi maus ɗin wata biyar kafin ranar, mara waya, na babban kamfani, irin wanda masu zane ke so saboda ba ya gajiyar da wuyan hannu. Kuɗinsa ya haura mafi ƙarancin albashi na N70,000 da gwamnati ta yanka a 2024. Adashe ya shiga, da ɗaukarsa ta zo ya kawo mini kuɗin yadda suke.

Na zazzage ledar. Murfin sama daban, gindi daban, noti biyu suna yawo, taya ta fita daga mazauninta. Robobin tafin da yake zamewa a kansu an ɓanɓare su an mayar da su da sufa gulu. Takardar da ke ɗauke da lambar siriyal an huda ta da sukundireba, an yage rabinta wajen neman noti.

Na ce, “Wa ya yi wannan aikin?”

Ya ce, “Baba, wani mai gyara ne a bakin kasuwa.”

Abin da ya faru shi ne, maɓallin hagu ya fara danna biyu. Ya danna sau ɗaya, kwamfuta ta karɓi biyu. Yana jan hoto a CorelDRAW sai ya suɓuce a tsakiyar hanya, yana zaɓen rubutu sai zaɓen ya warware. Ga kakar biki ta kama, aiki ya taru, masu kati suna ta kira. Duk wanda ke wannan sana'a tamu ya san ciwon: ƙarfen da ke cikin suwic ɗin ne ya gaji ko ya yi datti, ya daina haɗuwa sau ɗaya tak. Kamfanoni na rubuta cewa suwic zai ɗauki dannawa miliyan 10, ko 20, ko 50, amma wani tun bai yi kusa da haka ba yake fara wannan rawa. A wata biyar, ba faɗuwa, ba ruwa, wannan aibin ƙira ne, kuma shi ne ainihin abin da aka yi garanti dominsa. Garantin shekara guda ke kan maus ɗin. Daga hannun dilan da kamfanin ya amince da shi a Legas na ɗauko shi. Kwafin rasit ɗinsa yana cikin littafina, da lambar siriyal da kwanan wata da rubutun hannuna. Da ya kawo shi a rufe, bidiyon minti ɗaya zan ɗauka in tura, in haɗa da rasit, a aiko da wani. Ko sisin kwabo ba zai biya ba.

Na tambaye shi abin da ya hana shi dawowa wurina. Ya yi shiru, can ya ce, “Baba, kunya na ji. Kada ya zama kamar ina cewa kun sayar mini da abu mara kyau. Kuma Abba zai ji.”

Wannan amsa ta fi maus ɗin ƙona mini rai.

Shi kuwa mai gyaran, waya yake gyarawa, bai taɓa buɗe irin wannan maus ba, amma bai iya cewa ban sani ba. Ya fara da fesa masa man da ake fesa wa noti mai tsatsa. Da bai yi ba, ya buɗe. Wajen ɗaga murfi ya fizge siririyar wayar da ta haɗa sama da ƙasa, ta tsage. Ya ciro suwic daga wani mataccen maus na dubu biyu, ya ɗora wuta a kan bod har jan ƙarfen da ake liƙa ƙafar suwic a kai ya ɗago ya rabu. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ce wa yaron ai dama jabu aka sayar masa, ya karɓi kuɗin aiki, ya tattara masa a leda. Ya lalata kaya, ya ci kuɗi, ya kuma ɓata mini suna a kyauta.

Duk da haka na ɗauki hotuna na tura wa dila, na yi bayani, na roƙa. Amsar ba ta ɓata lokaci ba: an buɗe, an yi liƙi a kan bod, lambar siriyal ba ta karantuwa, babu garanti. Ban ga laifinsu ba. A rubuce yake cikin 'yar takardar da ke cikin kwali, wadda ba mai karantawa. Na ba yaron aron wani maus mai waya ya ƙarasa aikin mutane. Har yau da shi yake aiki.

Garanti ba alfarma ba ce. Kuɗinsa yana cikin kuɗin da ka biya.

Dawo da kaya mai aibi ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne.

Maus mai garanti ba a buɗe shi. Ba kai ba, ba ƙaninka mai “sanin kwamfuta” ba, ba mai gyara ba.

Na gaji da jin “ƙaddara ce” daga bakin mutumin da haƙƙinsa ke ajiye yana jiransa. Malamanmu na fiƙihu sun yi babi sukutum a kan mayar da kaya saboda aibi. Dokar ƙasa ma ba ta bar mai saye a banza ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar wa mai shago kayan da suka fito da aibi cikin wata uku, ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar maka da kuɗinka. Rubutun nan da 'yan uwana 'yan kasuwa ke bugawa a gindin rasit, wai kaya in ya fita ba ya dawowa, bai fi ƙarfin doka ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta shekara 2 a kan sabon kaya, shi ya sa za ka ga maus iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma wa'adinsa a can ya fi na wasu wurare tsawo. Mu a nan ko wata ukun da muke da su ba ma nema.

Amma ka san wane garanti aka ba ka. Iri biyu ne, kuma da gangan wasu masu shaguna ke cakuɗa su. Akwai na shago, wanda yaron shago zai ce maka “akwai garantin sati ɗaya, Alhaji”, da baki, ba a rubuce ba, kuma ranar da ka dawo za ka tarar wai ya tafi ƙauye. Akwai na kamfani, wanda ke bin lambar siriyal da rasit. Wannan na biyun ba ya aiki sai kayan na asali ne, sabo ne, kuma ya biyo ta hannun dilan da kamfanin ya sani. Wanda aka cuso a jaka daga Dubai ko Guwanju, ko wani ɗan uwa ya sayo maka a Amurka, ko da na asali ne, sau da yawa za a ce ka nemi haƙƙinka a ƙasar da aka saye shi. Kuɗin aikawa kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. Na hannu kuwa, wanda ake ce wa “London yus”, ba shi da komai. Logitech, alal misali, ta rubuta ƙarara cewa garantinta na wanda ya fara saye ne, ba ya bin kaya zuwa hannu na biyu. Ka tambaya kafin ka biya: garantin wa ne, na wata nawa, wa zan kawo wa? A rubuta maka amsar a kan rasit.

Rasit ɗin nan! Mutum zai sayi kayan dubu ɗari, a miƙa masa rasit, ya ce “bar shi kawai, ai mun saba.” Sabo ba ya cike fom. Wani ya karɓa ya naɗe tsire da shi. Wani ya ajiye a aljihun mota, kuma irin siririyar takardar nan ce ta inji, wadda zafin watan Afrilu ke mayar da ita fara fat cikin 'yan makonni, ya zo mini da farar takarda yana rantsuwa. Ka ɗauki hotonsa da wayarka tun kana cikin shagon. Ka tabbata an rubuta samfurin maus ɗin da lambar siriyal da kwanan wata, ba “maus guda 1” kawai ba. Ka ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashinsa ko cikin gidan batir, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In ba su zo ɗaya ba, ajiye musu kayansu ka fita. Kwalin ma ka adana shi har wa'adi ya ƙare, kada ka ba yara su yi mota da shi.

Jabu ya cika kasuwa, kwalinsa wani lokaci ya fi na asali sheƙi. In an ce maka maus na babban kamfani a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, ka san abin da ka saya. Araha ba ta ado. Kada ka zo kana mini ihu a kan garantin abin da kamfanin bai taɓa ƙerawa ba.

Ga kuma masu son su mayar da garanti saniyar tatsa. Shayi ya zube a kai, ka shanya a rana, ka zo ka ce haka kawai ya mutu. Muna jin ƙanshin madara. Yaro ya buga shi da ƙasa, kusurwa ta fashe, ka ce daga kwali haka ya fito. Ka bar batir mai arha a ciki wata da watanni har ya yi tsami ya cinye ƙarfe. Ka ja waya daga nesa har ta tsinke a gindi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da garanti ya ɗauka, kuma ƙaryarku ce ke sa dila ya riƙa tuhumar mai gaskiya. Ɗan risiban da ake sokawa a USB in ya ɓata, ya ɓata. Ba aibin ƙira ba ne, sakacinka ne. Kada kuma ka sayi kowane ka ce zai yi: na Logitech kansa iri-iri ne, Unifying ba ya magana da Bolt.

Kafin ka ce maus ya lalace, ka sa sabon batir, ka gwada wani ramin USB, ka gwada a wata kwamfutar, ka ɗauke shi daga kan gilashi, ka hure ƙurar hunturu daga idonsa. Da yawan waɗanda ake kawo mini a fusace lafiyarsu ƙalau. In bayan wannan ciwon yana nan, ɗauki bidiyonsa yana yi, ka zo da shi a rufe. A rufe, na ce. Ko fesa masa wani abu kada ka yi. Ba fetur, ba sipirit, ba man keke.

Kada kuma ka jira. Wasu za su yi ta lallaɓa maus mai danna biyu wata bakwai, sai wa'adi ya wuce da sati su bayyana. Daga ranar da ke kan rasit ake ƙirga, ba daga ranar da ka fara amfani da shi ba, ba daga ranar da ka lura ba. In an canza maka, kada ka ɗauka sabuwar shekara ta fara. A tsarin Logitech, wanda aka ba ka yana ƙarasa ragowar wa'adin na farko ne, ko kwana 30, duk wanda ya fi tsawo, kuma suna da damar ba ka wanda aka sabunta in yana aiki daidai da sabo. Canjin ma ba a rana ɗaya yake zuwa ba, kaya sai ya je Legas ya dawo. Wanda maus ne abincinsa ya ajiye ƙarami mai waya a durowa saboda irin wannan rana.

Ku kuma masu gyara. Canza suwic aiki ne mai kyau, ni ma ina yi, kuma yana ƙara wa maus shekaru. Amma bayan garanti ya ƙare ake yinsa, kuma wanda ya iya riƙe wuta ne ke yinsa. Tambaya ɗaya ce kafin ka ɗauki sukundireba: yaushe ka saya? In bai shekara ba, ka ce ya koma inda ya saya. Kuɗin aikin da za ka rasa bai kai haƙƙin da za ka ɗauka ba. In ba ka taɓa buɗe irinsa ba, ka faɗa. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ce ban iya ba. Kuma in ka ɓata, ka ce na ɓata, ka daina laƙa wa mai shago jabu.

'Yan uwana masu shaguna, mu ma da namu. Mu rubuta siriyal a rasit. Mu gaya wa mai saye wa'adinsa da bakinmu tun kafin ya tambaya, musamman yara da mata da 'ya'yan abokanmu, waɗanda nauyinmu zai hana su dawowa. Wanda ya dawo da kaya kada mu haɗe masa rai kamar ya zo bin bashi. Mai shagon da ya ƙi sauraron ka alhali kana da rasit, ka kai ƙara wurin shugabannin kasuwa, in bai yi ba ka tafi FCCPC.

Duk wanda ya sayi maus a wurina ko a wurin wani, ya ga ya fara wasa, ya duba rasit tukuna. In da sauran wa'adi, ya mayar da shi inda ya saya, a rufe, da kwalinsa, ko da mai shagon surukinsa ne.