Darasin Wannan Fitowa: Mece Ce Ma'anar "Home"?

Yawancin takardun da ke zuwa hannun kwamitocin taimako na ikkilisiyoyinmu da Turanci aka rubuta su: fom na rajistar marayu, katin asibiti, wasiƙun hukumomi. Akwai wata 'yar gajeriyar kalma da ke yawan fitowa a cikinsu, wato "home". Ɗan makaranta zai ce mana ma'anarta gida, kuma bai yi ƙarya ba. Amma kalmar takan sauya ma'ana gwargwadon abin da aka haɗa ta da shi, har ta ruɗar da mai cike fom. Wani lokaci ma makomar yaro takan rataya a kan yadda muka fahimce ta. Muna roƙo a karanta wannan darasi a taron zumuntar mata, da na matasa, da ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya Turanci ya taimaka wajen furta kalmomin.

Turanci na da biyu, Hausa na da ɗaya

Inda mu muke cewa gida, Bature yana da kalmomi biyu. "House" shi ne ginin: bango, da jinka ko kwano, da ƙofa. Ana iya sayensa, a sayar, a ba da haya, ruwa kuma na iya rushe shi. "Home" kuwa shi ne inda mutum yake zaune tare da nasa, inda aka san shi, inda ba sai an yi masa iso ba kafin ya shiga. Attajiri na iya mallakar "house" guda biyar, amma in an tambaye shi "home" ɗinsa, ɗaya zai nuna. Makiyayin da ke kwana a bukka shi ma yana da "home".

Hausa ta haɗa duka biyun. Idan muka ce wane ya gina gida, zancen gini muke yi. Idan muka gamu a hanya muka ce "Yaya gida?", lafiyar maigida da uwargida da yara muke tambaya, ba wanda zai ba mu labarin bango.

A tsohon Turanci, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ana rubuta kalmar "ham", tana kuma iya nufin ƙauye ko mazaunin jama'a. Ita ce ta rage a ƙarshen sunayen biranen Ingila irin su Birmingham da Nottingham. Ashe tun asali akwai zaman tare a cikinta.

Domin 'yan makaranta: idan za a ce "zan tafi gida", ana cewa "I am going home", ba a sa "to" a tsakani. Mai masauki da ya ce wa baƙo "feel at home" yana nufin ya saki jiki. Wanda aka ce yana "homesick" ba ciwo yake yi ba, kewar gida ce ta dame shi.

Yadda take fitowa a takardu

Home town: garin asali, inda iyaye da kakanni suke.

Permanent home address: adireshin gida na asali, inda za a iya samun labarinka ko da ka yi ƙaura. Ya bambanta da "residential address", wato inda kake zaune yanzu. Waɗanda rikici ko ambaliya ta tayar su kula da wannan, domin idan aka musanya su, mai kawo taimako zai je nemansu inda ba sa nan.

Home visit: ziyarar da ma'aikacin lafiya ko ɗan kwamiti yake kaiwa har gida.

Home-based care: jinyar marar lafiya a gidansa, a hannun danginsa, masu horo suna leƙowa. An yi amfani da wannan tsari ƙwarai wajen kula da masu cutar ƙanjamau.

Home delivery: a katin awon ciki, haihuwa ce a gida. A bakin mai kanti kuwa, kawo maka kaya ne har ƙofar gida.

Homeless: wanda ba shi da matsuguni.

Homework: aikin da malami ya ba ɗalibi ya yi a gida. Shara da wanke-wanke kuwa "housework" ake ce musu.

Home Office: a Birtaniya, ma'aikatar harkokin cikin gida ke nan, mai kula da shige da fice. A nan "home" na nufin ƙasar mutum, kamar yadda mu ma muke cewa labaran gida da na waje.

Home call: mukan ga wannan a takardar sanarwar jana'izar mai bi. Ana nufin Ubangiji ya kira shi gida. Tunanin ya yi daidai da koyarwar Bulus a 2 Korintiyawa 5:6-8.

Wurin da ake kira "home" alhali ma'aikata ce

Ga inda muke so a natsu. Turanci yana kuma amfani da kalmar ga wuraren da hukuma ko ƙungiya ta gina domin ajiye mutane. "Children's home" gidan marayu ne. "Motherless babies' home" na jariran da suka rasa uwa ne. "Old people's home" na tsofaffi ne, "remand home" kuma wurin tsare yaran da ake tuhuma da laifi. Mu ma muna da irin wannan a Hausa, tun da mukan ce gidan yari, ba kuwa mai ɗaukarsa gidan zama.

Saboda haka idan baƙo ya zo ƙauye ya ce zai kai maraya "home", a tambaye shi da kyau: hannun wani iyali zai kai shi, ko ma'aikata? Kada wani ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda sai an fassara masa ita duka a gaban fasto ko dattijon ikkilisiya, an kuma tabbatar hukumar jin daɗin jama'a ta san da wurin.

A irin waɗannan wurare akwai abinci da gado da makaranta, akwai kuma masu aiki da tsoron Allah. Sai dai ma'aikaci yakan tashi daga aiki, a canja shi, ko ya sami wani wuri ya tafi. Ƙaramin yaro kuwa yana bukatar mutum ɗaya da zai shaƙu da shi shekara da shekaru. A shekara ta 2000 masana suka fara wani bincike a Bukarest, babban birnin Romaniya, a kan yara ƙanana 136 da ke gidajen marayu. Aka mai da kimanin rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Da aka bi sawunsu, sai aka ga waɗanda suka koma cikin iyali sun fi ci gaba wajen magana, da kaifin hankali, da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu.

A shekara ta 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi wasu ƙa'idodi kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu. Daga cikinsu akwai cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyalinsa ba, yaran da ba su kai shekara uku ba a rene su cikin iyali, 'yan'uwa kuma kada a rarraba su. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna yawancin yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Rashin abinci da kuɗin makaranta ne ya kai su.

A ƙauye akwai wata hasarar kuma. Yaron da ya girma a nesa yakan dawo bai san iyakar gonar ubansa ba, bai iya yaren gidansu ba, ba shi da wanda zai shige masa gaba ranar neman aure.

Wannan ba ya nufin kowane gidan dangi ya dace. Mun san akwai marayun da ake riƙo amma an mai da su bayi: su ne ɗebo ruwa, su ne kiwo, 'ya'yan gida suna makaranta. Irin wannan yaro yana cikin "house", bai sami "home" ba. Akwai kuma yaron da aka tsinta, ko wanda ake cuta a gida, wanda dole a nema masa mafaka kafin a sami iyali nagari.

Abin da Maganar Allah ta nuna

A Ibrananci kalmar "bayit" tana nufin gini da kuma iyali, kamar gida a Hausa. Haka ma "oikos" a Helenanci. Sunan Baitalami ma'anarsa gidan gurasa.

A karanta Esta 2:5-7. Da iyayen Esta suka rasu, ɗan'uwanta Mordekai ne ya ɗauke ta ta zama 'yarsa.

A karanta Yohanna 19:25-27. Ubangijinmu yana kan gicciye, amma bai bar mahaifiyarsa haka ba. Ya danƙa ta ga almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa.

A karanta Zabura 68:5-6 da Yaƙub 1:27. Allah ne Uban marayu, yana kuma so mu kula da su, su da gwauraye, cikin wahalarsu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakar da ke riƙe da jikoki huɗu za ta iya ci gaba da riƙonsu idan matasa suka yi mata gayya a gona, zumuntar mata ta tara mudu-mudu na hatsi bayan girbi, kwamiti kuma ya biya kuɗin makaranta, yana leƙa yaran kowane wata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Marayu nawa ne a ikkilisiyarmu, kuma a hannun wa kowannensu yake?
2. Ta yaya za mu gane yaron da ake riƙo da ƙauna da wanda ake bautar da shi? Wa zai yi wa mai riƙon magana?
3. Wace gwauruwa ko kaka ce talauci zai iya tilasta mata ta ba da yaranta? Me za mu yi mata kafin damina?
4. Wa muke da shi da zai riƙa fassara mana takardun Turanci da aminci?

A rufe taron da addu'a domin marayu da masu riƙonsu, ana ambaton sunayensu ɗaya-ɗaya. Sakataren kwamiti ya rubuta abin da aka yanke, a sake dubawa a taro na gaba. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.