Zubar Jini a Tumbi da Hanji Sakamakon Cutar Korona: Dalilai da Alamomi

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda cutar numfashi ke haifar da zubar jini a tumbi da hanji, inda ta ɗauki korona a matsayin misali. Ta nuna cewa tsananin jinya da magungunan da ake ba majinyaci na da hannu a matsalar, baya ga ƙwayar cutar kanta.

1.0 Gabatarwa

Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba ranar 11 ga Maris, 2020. An fi saninta da tari da sarƙewar numfashi, amma ɓarnarta kan kai ga kayan ciki.

2.0 Dalilai

Ƙwayar cutar na shiga jiki ta wani furotin mai suna ACE2, wanda yake da yawa a bangon ƙaramin hanji, don haka takan kumbura shi. Idan huhu ya gaza, iskar oksijin da ke isa tumbi takan ragu, bangonsa ya yi rauni har gyambo ya fito. Sai kuma magunguna: deksametazon na ƙara haɗarin gyambo, musamman idan an haɗa shi da magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diklofenak.

Babban ƙalubalen shi ne hefarin. Korona na daskarar da jini a jijiyoyi, shi ya sa ake ba da wannan magani mai tsinka jini. Idan gyambo ya fashe, ci gaba da shi kan tsananta zubar, dakatar da shi kuma kan bar gudan jini ya toshe jijiyar huhu. Dole likita ya auna haɗarin biyu.

3.0 Alamomi

Alamomin sun haɗa da aman jini, da jiri, da bugun zuciya da sauri, da baƙin bahaya mai yauƙi kamar kwalta. Baƙin na nufin jinin ya narke a hanyarsa daga tumbi. Bahaushe kan danganta jini a bahaya da basir, kuma ja yake tsammanin gani, saboda haka baƙin kan wuce ba a lura ba.

4.0 Kammalawa

Ana tsayar da zubar da magungunan rage asid kamar omefirazol, da ƙarin jini, da na'urar leƙa ciki. Sai dai wajibi ne masu fassara saƙonnin lafiya su ambaci baƙin bahaya ƙarara, domin jinkirin gane shi na iya cin rai.