Amsar Tambaya: Me Ya Sa Zakaran Duniya Ya Wuce Ɗaya a Damben Boksin?

Damben boksin na ƙwararru ba shi da hukuma guda mai jan ragamarsa kamar yadda FIFA take a ƙwallon ƙafa. Manyan hukumomi huɗu ne ke ba da kambu: WBA, wadda ta samo asali a Amurka a 1921, sai WBC da aka kafa a Meziko a 1963, IBF a 1983, WBO kuma a 1988. Kowacce tana da jerin gwanayenta a kowane rukunin nauyi, kuma ita ke tsayar da wanda dole zakaranta ya kara da shi. In ya ƙi, a ƙwace kambun.

Kuɗi ne gishirin lamarin. A duk karawar kambu, hukuma na yankar kasonta daga ladan 'yan damben, shi ya sa kambuna ke ta hayayyafa. WBA ma har ta riƙa naɗa zakara biyu a rukuni ɗaya, abin da ya zubar wa kambun daraja.

Wanda ya haɗa kambunan hukumomin huɗu shi ne zakaran da babu jayayya a kansa. A rukunin masu nauyi, Oleksandr Usyk na Yukren ne ya fara haɗa su, ranar da ya doke Tyson Fury a Riyad, cikin Mayun 2024.