Ruɓaɓɓen tumatir a gona: taki ne ko cuta?

Tambaya: Malam, noman rani nake yi a fadamar Auyo. Idan tumatir ya yi kwantai, masu yanka kauɗa sukan tara tsibin wanda ya ruɓe, ga ɓawon albasa da na kankana a bakin kasuwa. Maƙwabcina yana kwasowa da amalanke yana watsawa a gonarsa. Buhun taki ya yi tsada, amma ni ina ɗar-ɗar. Akwai illa?

Amsa: Malam, ɗar-ɗar ɗinka a kan hanya yake. Abin da maƙwabcinka yake kwasowa zai iya zama taki mai kyau, amma a ranar da ya kwaso shi bai zama ba tukuna.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, saboda haka mafi yawan wahalar shanunsa dakon ruwa ce. Wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce, tumatir ba ya ruɓewa haka kawai. Sau da yawa wani abu ne ya huda shi. Ka tuna 2016, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatirin Kano da Jigawa da Katsina, har kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Tsutsar tana ɓuya a cikin 'ya'yan, ta sauka ƙasa ta rikiɗa. Wanda ya zuba ruɓaɓɓen tumatir a gonar tumatir, shi da kansa ya yi mata rakiya. Haka cutar yaushi da ke kwantar da shuka lokaci guda, tana iya zama a ƙasa shekaru, kuma takan kama tattasai da attarugu da gauta, don dangi ɗaya ne.

Maganin shi ne a dafa taki, kuma ba da wuta ba. Ka tara tsibi mai tsawo da faɗin mita 1 ko fiye. Shimfiɗa busasshen abu a ƙasa: buntun shinkafa, wanda ake samu a injinan casa na Haɗeja, ko yankakken kara, ko harawar da ta lalace. Ɗora ruɓaɓɓen kayan gwari, sai kashin awaki ko na shanu, sai busasshe kuma. Busasshen ya ninka ɗanyen biyu. Idan ka damƙa ka ji laima amma ruwa bai zuba ba, daidai ne. Idan wari ya tashi kamar masai, ruwa ya yi yawa, ƙara buntu.

Cikin kwana uku zuwa biyar tsakiyar tsibin za ta ɗau zafi. Ana son ya kai digiri 55, don a nan ne yawancin ƙwayoyin cuta da tsutsa da irin ciyawa ke mutuwa. Ba sai ka sayi ma'auni ba. Soka rodi, ka bar shi ɗan lokaci, ka zaro; in ka kasa riƙe shi da hannu, aiki na tafiya. Sai juyi, na gefe ya koma tsakiya. Ƙa'idar Amurka ta ce sau 5 cikin kwana 15. Mutanenmu a nan suke yin kasala, kuma gefen da bai ji zafi ba shi ne maɓoyar cuta. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Duk da haka ni da zan zaɓa, takin da aka yi da ruɓaɓɓen tumatir zan kai wa masara ko shinkafa, ba tumatir ba.

Akwai abin da zafi ba ya kashewa. Sharar kasuwa tana zuwa da leda, da fasasshen batir, da robar maganin feshi. Dalmar batir ba ta ruɓewa, tana zama a ƙasa, ganye irin su alayyafo da latas su ɗauka. Karɓi kayanka kai tsaye daga masu kauɗa, kada ka ɗebo daga juji.

In kuwa dole ta sa ka zuba ɗanye, musamman haɗe da kashin dabbobi, binne shi, kuma a samu kwana 120 kafin girbin duk abin da ke taɓa ƙasa ana ci ɗanye.

Sai wurin tarawa, wanda a ƙasar Haɗeja ba ƙaramin zance ba ne. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su bar komai a kwari ba. Tsibin da aka tara a bakin kanal ko gaɓar kogi, ruwa zai wanke albarkarsa ya kai wa ciyawar kachala, wadda da ma ta toshe hanyoyin ruwa har Nguru, ƙazantar kuma ta gangara wa masu sha a ƙasa. Tara naka a kan tudu, nesa da rijiya, ka rufe shi da tsohon buhu kafin damina ta sauka.