Gwaje-gwaje kafin tiyatar rage ƙiba: wanne ne gaba, wanne ne baya?

Da yawa daga waɗanda likita ya ce tiyatar rage ƙiba ta dace da su, wato masu BMI (ma'aunin nauyi bisa tsayi) 35 zuwa sama, ko 30 tare da ciwon suga, sukan ruga ɗakin gwaji su biya kuɗin komai a rana ɗaya. Wannan gaggawar asara take jawowa. Mutumin Kafanchan, Zonkwa ko Kwoi yawanci sai ya yi tattaki zuwa Abuja ko Legas, wani ma Indiya ko Masar. In ya isa aka ce sakamakonsa ya tsufa, ko aka gano cutar da sai an yi makonni ana maganinta, kuɗin mota da na masauki sun bi ruwa.

Kafin a ɗebi jininka, ka sa likitan da zai yi aikin ya rubuto maka gwaje-gwajen da yake so, da tsawon lokacin da asibitinsa ke amincewa da kowane sakamako, domin asibitoci sun sha bamban a nan. Sai ka riƙe ranar tiyata, ka yi lissafi kana komowa baya.

Wata uku zuwa huɗu kafin ranar, fara da gwajin da zai iya jawo doguwar jinya. A ganina babba a cikinsu shi ne na H. pylori, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki. In aka same ta, magani kwana 14 ne, sannan a jira aƙalla mako huɗu a sake gwaji a ga ko ta mutu. Mako shida ke nan, in ma maganin farko ya ci. Mai shan maganin gyambon ciki na omeprazole kuwa ya tambayi likita, don ana dakatar da shi mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba yakan ɓoye cutar.

Haka gwajin HbA1c na mai ciwon suga. Yana nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda haka ƙaurace wa tuwo na mako ɗaya ba zai gyara shi ba. Ka faɗi jinsin jininka, AS ne ko SS, domin yana iya karkatar da sakamakon. A wannan zangon ne kuma ake duba ƙarancin jini, sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da D, hanta da ƙoda. Bayan tiyata ciki ba ya tsotse waɗannan sinadarai kamar da, shi ya sa ake cike giɓinsu tun da wuri.

Gwajin jini na yau da kullum za ka iya farawa da shi a babban asibitin Kafanchan. Leƙa ciki da na'ura da hoton zuciya kuwa, ka tambaya ko sai ka je JUTH a Jos, Barau Dikko a Kaduna ko ABUTH a Shika, ka nemi rana tun yanzu, ka bar sarari saboda layi da yajin aiki. In iyali na cewa kana minshari har numfashinka na ɗaukewa cikin barci, kada ka ji kunyar faɗa; likitan da ke sa barci yana matuƙar buƙatar sanin wannan.

Saura mako shida, a bar taba da shisha gaba ɗaya, a kuma faɗi gaskiya game da giya ko burkutu. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen akan ce ta dakata mako huɗu kafin aikin saboda gudan jini, ta koma wata hanya, domin ba a son ciki sai bayan wata 12 zuwa 18.

Saura mako biyu ake shiga tsarin abincin da ke rage girman hanta, don likita ya samu hanyar kaiwa ga ciki. A lokacin ake ajiye jiƙe-jiƙe da magungunan gargajiya. Mu nan ƙasar citta ce, wasu kuma sun mai da ita da tafarnuwa maganin kullum. 'Yar wadda ke cikin miya ba damuwa, amma mai shan su da yawa ya sanar, don suna iya ƙara zubar jini. Aspirin, warfarin, maganin suga da na hawan jini, kwashe su duka a leda ka kai wa likita. Kada ka tsayar da ko ɗaya da kanka.

Gwajin dacewar jini na ƙarin jini da na juna biyu, a kwanakin ƙarshe ake yin su, a asibitin da za a yi aikin. Zazzaɓi kan sa a ɗage tiyata, don haka ka kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a duba maleriya nan take. Ka isa garin da 'yan kwanaki a hannu, ɗauke da kwafi biyu na kowane sakamako: ɗaya na likitan tiyata, ɗaya na likitan gida da zai ci gaba da duba jininka idan ka dawo.