Darasi: in murfin akwatin wuta ya fashe

A Dungas da Magariya gidaje da shaguna da yawa suna da wutar lantarki, wadda muke kira kuran. A irin waɗannan gidaje akwai wani ɗan akwatin roba a jikin bango. Nan ne wayoyin gida suke haɗuwa. A ciki akwai ƙananan makasai a jere. In waya ta yi zafi ko ta haɗu da ƴar'uwarta, su ne ke yanke wuta.

Akwatin nan yana da murfi. Rana tana cin roba. Bayan shekaru sai ta bushe, ta tsage, wata rana ta zube.

Na shiga shagon wani tela a Dungas, na tarar murfinsa ya fashe tun bara. Ya toshe wurin da kwali. Ya ce ya nema a kasuwa, an ce masa an daina yin irinsa. Gaskiya aka gaya masa. Amma kwali ba murfi ba ne, makamashi ne.

Kuran da NIGELEC take kawowa gida bolt 220 ne. Yana kisa. Akwati a buɗe yana kiran yatsan yaro. Ƙadangare da tsaka suna son ɗuminsa. Zanzaro yana gini a ciki da laka. Ƙurar hunturu tana taruwa, damina ta zo ta jiƙa ta. Tartsatsi ɗaya ya isa, musamman inda rufin ɗaki na kara ne.

Kafin a fita nema, a bambance abu biyu. Ma'aunin wuta, wato kontar, da abin da aka ɗaure da hatimi, na NIGELEC ne. In murfinsu ne ya lalace, kada a taɓa. A je ofishinsu a faɗa. Akwatin da ke bayan kontar, shi ne na mai gida. Shi muke magana a kai.

To, yaya ake nema? A nan karatunku zai yi aiki.

Ku dubi guntun murfin da ya fashe. Kada ku jefar da shi. Akwai sunan kamfani, sau da yawa har da lamba. Ku kwafe su a takarda, harafi bayan harafi. Za ku iya ganin Legrand, ko Schneider, ko Merlin Gerin. Wannan na ƙarshe sunan wani tsohon kamfanin Faransa ne. Schneider ya haɗiye shi, kuma tun wajen 2009 aka daina buga sunan. Wanda ya ga Merlin Gerin a akwatinsa, ya san akwatin ya kwana biyu, da wuya a samu sabon murfinsa a kanti.

Sai ku ƙirga makasan da ke ciki, da ido, ba da hannu ba. Ku ƙirga har guraben da babu komai. Sannan ku auna tsawo da faɗin guntun murfin da tef ɗin tela, da tazarar ramukan ƙusa. A guntun da ya cire za a yi awo, ba a jikin akwatin ba. Tef ɗin ƙarfe kuwa, kada ya kusanci wurin ko kaɗan.

Da takardar nan da guntun murfi, ku fara zuwa wajen masu gyaran wuta na garinku. Su ne ke cire tsofaffin akwatuna, kuma ba su cika zubar da su ba. Sau da yawa abin da ba shi a kanti yana cikin buhunsu. In babu, a aika Magariya. In babu, sai Damagaram, a Kasuwar Dole.

Mu nan Najeriya ta fi mana kusa, wani zai ce bari ya duba a Maigatari ranar Alhamis, ko ya ba da saƙo Kano. Ba laifi. Amma a tuna, kayan wutar Najeriya sun bi tsarin Ingila, namu sun bi na Faransa. Dubi abin da ake cusawa a bango: nasu ƙafa uku masu kusurwa, namu ƙafa biyu masu da'ira. Akwatuna ma sukan bambanta. Kada a saya da cewa “ai sun yi kama”. Murfin da ya bar kafar da yatsa zai shiga bai rufe komai ba.

Wasu suna zuwa wajen maƙeri ya yanka musu kwano. Ni ban yarda da wannan ba. Ƙarfe yana ɗaukar wuta. In waya ɗaya ta kwance ta taɓa shi, murfin duka ya zama tarko. Katako kuma yana ci da wuta.

In an yi nema an rasa, akwai hanya mai sauƙi: a sayi sabon akwati, fanko. Makasai na zamani, kowane kamfani ya yi su, faɗinsu kusan milimita 18 ne, kuma a kan ɗan ƙarfe iri ɗaya suke hawa, mai faɗin milimita 35. Saboda haka mai gyara yakan iya mayar da makasanka na da cikin sabon gida. Kuɗin akwati da ladan aiki kawai za ka biya. In naka tsohon yayi ne, mai fis da ake ɗaura wa siririyar waya, gara a sake shi duka.

Wannan aikin mai gyara ne, ba na mai gida ba. Zai fara kashe babban makashi na kusa da kontar. Kashe ƙananan kaɗai bai isa ba, domin wayar da ke shigowa tana nan da wuta. Guraben da suka rage a sabon murfi, ka ce ya toshe su da ƴan robobin da aka yi don haka. Kafin ya zo, a hana yara zuwa wurin.

Ga lissafin da za ku yi a allo tare da malaminku. Akwatin telan nan yana da makasai 6, kowane milimita 18. Yana son ya bar gurbi 2, don keken ɗinki na lantarki da zai saya. Akwati mai gurbi nawa zai nema? Milimita nawa jeren zai ci?