Kafin ka sayi kwamfuta don buga wasannin da

Duk wanda ya shigo shagona a Sabon Garin Maraɗi ya ce yana neman kwamfutar da za ta buga masa tsofaffin wasanni, abin da nake fara tambayarsa shi ne: wace na'ura kake so ta kwaikwaya? Galibi sai a ce mini "duka". To, "duka" ba kuɗinta ɗaya ba, kuma a nan ne mutane ke asarar jikkunansu, wasu su sayi abin da ya fi ƙarfin buƙatarsu, wasu su sayi abin da ba zai iya aikin ba sam.

Na'urar Nintendo ta 1983, wadda yawancinmu muka sani ta kwafinta mai kaset rawaya, da Sega Mega Drive ta 1988, da Super Nintendo ta 1990, har PlayStation ta farko ta 1994, waɗannan ba sa buƙatar dogon zance. Tsohuwar kwamfutar ofis da ke kwance a ɗaki tana shan ƙura za ta ɗauke su, wayar hannu ma haka. Wanda Mario da Sonic da Tekken 3 ne damuwarsa, ya riƙe kuɗinsa, ya sayi manet mai kyau kawai.

Rigimar tana farawa ne daga PlayStation 2, kuma ita ce aka fi nema a Maraɗi, don a kanta samarinmu suka tashi suna buga ƙwallo a gidajen gem. Ta fito a 2000, gudun furosesarta bai kai megahaz 300 ba, ram ɗinta megabait 32 ne kacal. Mutum ya ji haka sai ya ce ai kwamfutarsa mai gigabait 8 za ta haɗiye ta ba tauna. Ba haka lissafin yake ba. Manhajar kwaikwayo tafinta ce. Wasan yana magana da yaren PS2, kwamfutarka ba ta jin wannan yaren, sai manhajar ta tsaya tsakani tana fassara kowane umarni nan take, kuma dole ta gama aikin hoto ɗaya kafin na gaba ya iso, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Tafinta mai nawa, ko ka tara masa mataimaka goma, zancen ba zai yi sauri ba, domin sai an fassara jimlar farko ake sanin ta biyu. Shi ya sa ƙarfin zuciya ɗaya ta furosesa ya fi yawan zukatanta muhimmanci a wannan aikin.

Wannan ne ya kawo ni kan tambarin nan na i7 da ake manna wa kwamfuta, wanda ya ci kuɗin mutane da yawa. Kwanaki wani dattijo daga Tsibiri ya zo da ɗansa, riƙe da kwamfutar cinya ta gwanjo da ya saya masa bayan jarrabawa. Ya ce, "Malam, duba mana, an ce mini babbar ce, amma yaron ya ce ƴan ƙwallon tafiya suke kamar cikin ruwa." Na kunna. Murya tana ja, mai sharhi kamar wanda barci ya ɗauka. Na buɗe bayanan furosesa, na juya masa allon: i7-620M. Na ce, "Alhaji, ba a yi maka ƙarya ba, i7 ce, amma ta 2010, zuciyarta biyu." Yaron ya sunkuyar da kai, uban ya yi shiru yana jan carbi. Mun sa mata wasannin PlayStation ta farko da na PSP, suka tafi da ita a haka.

Lambobin da ke bayan sunan su ne labari. Idan uku ne, zubin farko ke nan, ka wuce. Idan huɗu ne, galibi ta farkon ita ce zubin: i5-4570 zubi na huɗu ce, ta 2013, i5-6500 na shida, i3-8100 na takwas, ta 2017, mai zukata huɗu, kuma wannan ƴar i3 ɗin za ta bar waccan i7 ta Alhaji a baya nesa ba kusa ba. Zubi na huɗu nake ɗauka iyakar ƙasa ga mai son PS2, don daga nan ne Intel ta fara sa tsarin umarnin da ake kira AVX2, wanda masu PCSX2, manhajar da ke kwaikwayon PS2, suke ba da shawarar a samu. Celeron da Pentium na waɗannan shekarun ba su da shi, komai sabuntar jikinsu. Sai harafin ƙarshe. U na nufin an rage mata cin wuta don batir ya daɗe, wato an rage mata ƙarfi. Wanda ke da intanet ya nemi makin PassMark na zuciya ɗaya na furosesar da ake tallata masa. Wajen 2000 zuwa sama shi ne inda hankali ke kwanciya. PCSX2 ta 2.0, wadda ta fito a 2024, ba ta hawa Windows 7 ko 8, don haka a lura da wannan ma.

A ganina, kuɗi ɗaya, kwamfutar tebur ta fi ta cinya a wannan harka. Irin na ofis ɗin nan da ke shigo mana daga Kano ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, an ƙera su don su wuni a kunne, kayan gyaransu suna samuwa, kuma buɗe su ba wahala. Mai i5 zubi na shida ko na takwas da ram gigabait 8 za ta buga yawancin wasannin PS2, da na GameCube da Wii ta manhajar Dolphin. Ƙarin ram sama da haka ba ya ƙara gudun waɗannan wasanni. Abin da ke ƙarawa, idan ba ka da katin hoto na daban, shi ne sanda biyu masu 4 maimakon ɗaya mai 8, domin sashen hoton da ke cikin furosesa daga ram yake ɗiba, kuma ta hanya biyu ya fi sauri. SSD kuwa lodi take gaggautawa, ba wasan kansa ba.

Katin hoto sai in kana son hoton ya fi na asali tsabta a babbar talabijin. A nan ma akwai tarko. GT 210 da GT 710 ba su cancanci kuɗin mota zuwa kasuwa ba. GT 1030 iri biyu ce, mai GDDR5 da mai DDR4, kwalinsu kusan ɗaya, amma ta biyun ƙarfinta wajen rabin ta farko ne. GTX 1050 Ti tana da kyau, galibi ba ta neman wayar wuta ta daban, sai dai an cika jabunta: tsohon kati ake sauya wa suna. In ka ga wadda aka rubuta wa 1050 Ti tana da shuɗin ramin VGA a baya, ajiye ta, ta gaskiya ba ta da shi. Ƙaramar manhajar GPU-Z ma tana tona irinsu. Kuma ka auna akwatin kwamfutarka tukuna, sirarran na ofis gajeren kati kawai suke ɗauka.

PlayStation 3 wata duniya ce. Furosesarta, Cell, gininta daban ne ƙwarai, kuma RPCS3, manhajar da ke kwaikwayon PS3, tana son zukata shida ko takwas na zamani da katin hoto na gaske. Kuɗin wannan haɗin ya ninka na PS3 ɗin gwanjo. In PS3 kake so, sayi PS3.

Haka nake gaya wa masu gidajen gem, ko da yake cinikina nake ragewa. Mai rumfa a Jiratawa da ke aiki da sola ko ƙaramin janareto, siririyar PS2 ta gaske ta fi masa kwamfuta: ba ta cin wuta sosai, yaro ba zai shiga saiti ya dagula ba, kuma in an ɗauke wuta ba abin da ke lalacewa. Sannan akwai abin da mutane ke mantawa. PES 6 da PES 2013 da GTA San Andreas duk an fitar da su na kwamfuta kai tsaye. Ba sa buƙatar kwaikwayo, kuma kwamfutar da ke nishi da PCSX2 za ta buga su lafiya lau. Kwaikwayo na wasannin da ba a taɓa fitar da su na kwamfuta ba ne, irin God of War II ko Shadow of the Colossus, kuma wannan na biyun yana cikin masu wahalar da furosesa.

Sai abin da takardun Turai ba sa lissafawa, wato yanayinmu. A Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40, kwaikwayo kuma aiki ne da ke riƙe furosesa a wuya ba hutu. Idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ji an ce wasa yana tafiya daidai da farko, ana zuwa rabin lokaci ya fara tsinkewa. Na buɗe kwamfutocin cinya da yawa bayan hunturu, na tarar ƙura ta haɗu da zaren bargo ta zama kamar auduga a bakin fanka, man sanyaya da ke kan furosesa kuma ya bushe yana ɓarewa da farce. Busa ƙurar da sabon mai kan dawo da abin da mai ita ya ɗauka ya mutu. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma. Ta tebur a ɗaga ta daga ƙasa, a sa mata ondilar ko aƙalla regilatar, don ba ɗaukewar wuta ce ke ƙona kaya ba kamar dawowarta.

Ƴan sandunan nan da ake soka wa talabijin, masu rubutun wasa dubu goma a kwali, suna buga na Nintendo da Sega da wasu na PlayStation ta farko. PS2 kam babu, ko mai talla ya rantse. A waya, PPSSPP mai kwaikwayon PSP tana tafiya a yawancin Tecno da Infinix, amma PS2 tana son furosesa ajin Snapdragon 845 zuwa sama, kuma wayar za ta yi zafi har batir ya gaji da wuri. Wanda ba ya son taɓa Windows ɗin aikinsa, ya sa Batocera a kile ko wani faifai daban, ya tayar da kwamfutar daga nan. Kyauta ce, kuma da manet ake sarrafa ta.

Manhajojin kwaikwayo su kansu ba haramtattu ba ne. Wata kotu a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony a 2000. Wasannin da fayil ɗin BIOS kuwa dukiyar masu su ce, hanya mai tsabta ita ce ka kwafo daga na'urarka da fayafayanka. Shafukan da ke rabon su kyauta nan ne ƙwayoyin cuta suka fi shigowa, musamman in aka ce wasan PS2 ne amma fayil ɗin ya ƙare da exe.

Ranar saye, tafi da kilenka ɗauke da CPU-Z da HWMonitor da wasan da kake so ɗin, ba wanda mai shago ya zaɓa ba. Toshe manet mai waya, ka buga aƙalla rabin awa, idonka a kan lambar gudu da ke kusurwar allo da kuma zafin furosesa. Idan mai kaya ya ce ba a gwadawa sai an biya, akwai wani shagon a gaba.